Jawabi da ka da jawabin takarda

Jawabi da ka shi ne wanda mai magana yake yi a gaban jama'a ba tare da bin rubutu kalma bayan kalma ba. Jawabin takarda kuwa tun kafin a hau mumbari aka rubuta shi, sai dai a karanta. Akwai na uku a tsakani, wato hadda: a rubuta, a haddace, a zo a zuba kamar yanzu ya faɗo wa mutum. Da yawa daga cikin jawaban da ake yabo da cewa da ka aka yi su, a gaskiya haddatattu ne, ko kuma an sha yin irinsu a wasu wuraren har baki ya saba.

Asalin muhawarar

Gardamar ta tsufa. A ƙasar Girka, cikin ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, wani malamin balaga mai suna Alkidamas ya soki masu rubuta jawabi, yana ganin mai dogaro da rubutu ba ya iya sauya akala idan fuskar masu sauraro ta sauya. Abokin hamayyarsa Isokrates kuwa rubutu ya riƙe, bai ma cika tsayawa gaban taro ba. Majalisar wakilan Birtaniya ta gaji wani abu na ra'ayin farko, domin a al'adarta ba a son ɗan majalisa ya karanta jawabi yayin muhawara, sai dai ya riƙa leƙa 'yan bayanan da ya rubuta. Amma a zauren majalisar dattawan ƙasar, sarki yakan karanta jawabin buɗe zama daga takardar da gwamnati ta rubuta masa.

Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya fara da hadda. A watan Afrilun 1904, yana tsakiyar jawabi a majalisa, sai zaren maganar ya ɓace masa, ya zauna bai ƙarasa ba. Daga nan ya koma shiga da cikakken rubutu a hannu, kuma da shi ya yi jawaban yaƙin duniya na biyu da ake tunawa da shi.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan takarda suna cewa kalmar shugaba ba tasa ba ce shi kaɗai. Kasuwa na iya tashi ko faɗuwa a kanta, wata ƙasa na iya ɗaukar ta a matsayin alkawari ko barazana, kuma magana zarar bunu ce. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Günter Schabowski, jami'in gwamnatin Jamus ta Gabas. Ranar 9 ga Nuwamban 1989 aka miƙa masa takarda kan sassauta dokar fita ƙasar, bai nazarce ta sosai ba. Da 'yan jarida suka tambaye shi yaushe za ta fara aiki, sai ya amsa da ka cewa nan take. Washegari aka yi niyyar fara ta, cikin tsari. A daren nan jama'a suka yi dafifi a mashigun katangar Berlin har masu gadi suka buɗe.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa takarda tana ɓoye mutum. Wanda ya karanta abin da hadimai suka rubuta, ba a san ko ya fahimce shi ba, balle ya yarda da shi. Sukan kafa hujja da jawabin Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, a birnin Washington ranar 28 ga Agustan 1963: da rubutu ya fara, amma sashen da duniya ta riƙe, na mafarkinsa game da Amurka, ba ya cikin takardar. Sai dai ya riga ya yi irin wannan sashen a Detroit watanni biyu kafin nan. Wanda ya fi zama jawabi da ka na haƙiƙa shi ne na Sanata Robert Kennedy a Indianapolis ranar 4 ga Afrilun 1968, lokacin da ya sanar da taro kisan King.

A Najeriya, shekarar 2016 ta nuna haɗarin kowanne. A watan Satumba aka gano cewa wani sakin layi a jawabin da Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta an ɗauko shi ne daga jawabin Barack Obama na 2008, fadar shugaban ƙasa ta amince da kuskuren. A watan Oktoba kuma, a Berlin, yana tsaye kusa da shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, amsar da ya bayar da ka game da matsayin matarsa ta jawo ce-ce-ku-ce.

A ƙasar Hausa

Jama'a a nan sun fi girmama mai magana da ka. Marigayi Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya yi suna wajen tsayawa ya riƙe taro da Hausa ko Turanci ba takarda a hannu. Masu tafsiri a watan azumi ma haka suke yi, alaramma ya ja baki, malam ya fassara da ka, bayan shekaru na karatu. Amma huɗubar Juma'a, a masallatai da dama, daga rubutu liman yake karanta ta, kuma ba wanda yake ganin gazawarsa.

Na'urar haska jawabi

A 1950 aka kafa kamfanin TelePrompTer a Amurka, da na'urar da injiniya Hubert Schlafly ya ƙera domin 'yan wasan talabijin. Tsohon shugaban ƙasa Herbert Hoover ya yi amfani da ita a babban taron jam'iyyar Republican a Chicago a 1952. Ta zamani gilasai biyu ne a dama da hagu, rubutu yana gudana a kansu, mai magana yana gani, masu sauraro ba sa gani. Amfaninta shi ne a karanta a kuma yi kamar ba karatu ake ba. Donald Trump ya sha yi wa Obama ba'a kan dogaro da ita, daga baya shi ma ya koma amfani da ita a manyan jawabansa.