Ba kyauta aka ba mutanen Menominee ba

Mutane da yawa sun ɗauka gwamnatin Amurka ce ta yi wa ƙabilar Menominee, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, alheri da ta keɓe musu fili a jihar Wisconsin. Ba haka ba ne. Ƙasar kakanninsu ce, kusan eka miliyan 10, aka riƙa yankarta da yarjejeniya. A 1836 kaɗai sun saki kusan eka miliyan 4. A 1848 aka matsa musu su bar sauran, su ƙaura Minnesota. Shugabansu Oshkosh ya je ya ga wurin, ya ce jama'arsa ba za su rayu a can ba. Tsayin dakansu ne ya kawo yarjejeniyar 1854 ta Kogin Wolf, wadda ta bar musu wannan fili a Wisconsin. Yau eka 235,000 ko kusa da haka ta rage musu, mafi yawanta daji ne da suke kula da shi da kansu.