Me ke kaɗa wutsiyar maniyyi? Tambayoyi da amsoshi kan siliya da filajela

Mene ne siliya da filajela, kuma a ina suke?

Wasu siraran zaruruwa ne da ke tsirowa daga jikin ƙwayar halitta, suna motsi. Idan gajeru ne masu yawa, ana kiransu siliya. Idan dogo ne, tilo ko 'yan kaɗan, filajela ke nan. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyar numfashinmu kowacce tana ɗauke da siliya kusan 200, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, suna turo majina da ƙurar da ta kama zuwa maƙogwaro. Kakin da kake tofarwa lokacin hazo su ne suka hauro da shi. Akwai su a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Wutsiyar ƙwayar maniyyi kuwa filajela ce. Haka ita ma ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu, da filajela take iyo a cikin jini.

Idan aka yanka ɗaya, me za a gani a ciki?

Da idon mutum ba a ganin komai, domin kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na maikuromita ba, ita kuma maikuromita kashi ɗaya ce cikin 1,000 na milimita. Sai a shekarun 1950, da madubin lantarki, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa don a gan su, ya yi ƙarfi, tsarin ya fito fili. Bututai ne na furotin, tagwaye guda 9 sun yi da'ira, wasu 2 suna tsakiya. Shi ya sa masana ke cewa tsarin 9+2. Kowane tagwayen bututu yana da 'yan hannaye da ke miƙawa zuwa ga maƙwabcinsa. Akwai wasu sanduna da suka taso daga da'irar suka nufi biyun tsakiya, akwai kuma igiyoyin furotin da suka ɗaure tagwayen da juna. Abin mamaki, tsarin da ke wutsiyar maniyyin mutum shi ne a jikin 'yan halittun da ke iyo a ruwan kududdufi.

To daga ina ƙarfin motsin yake fitowa? Daga gindi ake kaɗa shi?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Babu wani inji a gindi da ke wulwula zaren. Injin yana warwatse ne a tsawon zaren kaf, kuma shi ne waɗancan 'yan hannaye. Sunan furotin ɗin dainin, masanin kimiyya Ian Gibbons ne ya ware shi ya raɗa masa suna a 1965. Dainin yana cin ATP, wato makamashin ƙwayar halitta. Yakan damƙi bututun maƙwabci, ya tura shi, ya saki, ya sake damƙa a gaba. Ashe aikinsa zamar da bututai ne a kan juna, shi kaɗai ba ya lanƙwasa komai.

A 1971 Gibbons da Keith Summers sun nuna haka ƙarara. Sun ɗauki wutsiyar maniyyin wata halittar teku mai ƙaya, suka sa sinadarin da ya cinye igiyoyin da ke ɗaure bututan, sannan suka zuba ATP. Wutsiyar ba ta lanƙwashe ba. Bututan sai suka zame, kowanne ya zarce ɗan'uwansa, har tsawon ya ninka sau da yawa.

Idan zamewa ce, ta yaya take komawa lanƙwasa?

Ɗauki tsumagiya biyu ka ɗaure gindinsu tamau, ka yi musu sassauƙan ɗauri a tsakiya. Tura ɗaya ta zame a jikin ɗayar. Tunda gindi ya hana ta tafiya, dole su biyun su ranƙwafa gefe guda. Abin da ke faruwa ke nan: bututan a kafe suke a gindi, igiyoyi kuma sun taƙaita zamewar, sai ƙarfin turin ya koma lanƙwasa.

Wa ke tsara lokacin da kowane dainin zai yi aiki?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi daɗi. Da duk dainin da ke da'irar za su ja a tare, da zaren ya sandare, domin ɓangare zai soke ƙarfin ɓangare. Saboda haka karɓa-karɓa suke yi: na gefe ɗaya su ja, na ɗaya gefen su dakata, sannan su yi musanya. Biyun tsakiya da sandunan nan suna da hannu a wannan tsari. An gani a jikin wani gansakuka mai ƙwaya ɗaya, Kilamidomonas, cewa idan ya rasa su, filajelarsa takan shanye ko da dainin ɗinsa lafiya lau. Hannayen ma kala biyu ne: na waje sun fi ba da sauri, na ciki su ke fasalta yadda lanƙwasar za ta kasance.

Sai kuma sinadarin kalsiyam, wanda ke sauya salon kaɗawa. Halittar ruwa Faramisiyam idan ta yi karo da wani abu, kalsiyam kan kwarara cikin siliyarta, nan take ta ja da baya ta sake hanya. Maniyyi ma idan ya kusanci ƙwai, kalsiyam ne ke sa wutsiyarsa bugu mai ƙarfi.

Wutsiyar bakteriya ma haka take?

A'a, suna kawai ya haɗa su. Ta bakteriya ba ta da 9+2 ko dainin. Ita ce ma mai inji a gindi, yana juya ta.

Me ke faruwa idan aka haifi mutum da tawaya a wannan tsari?

Majina takan taru a ƙirji da hanci tun yana jariri, ga tari da ciwon kunne da ba sa ƙarewa, maza da yawa kuma ba sa samun haihuwa saboda maniyyinsu ba ya iyo. Kusan rabin masu wannan lalura zuciyarsu tana dama, hantarsu tana hagu. Likita Manes Kartagener na Siwizalan ya bayyana alamomin a 1933, amma sai a 1976 Björn Afzelius na Suwidin ya danganta su da siliya marasa motsi, bayan ya ga wutsiyoyin maniyyi babu hannayen dainin.

Mece ce alaƙar siliya da wurin zaman zuciya?

A makonnin farko na ciki, ɗan tayi yana da wani ɗan gurbi mai siliya na daban, marasa biyun tsakiya, waɗanda juyawa suke yi maimakon kaɗawa. Juyawar tana kora ruwa zuwa hagu, daga nan jiki ke bambance hagu da dama. Masu bincike a Jami'ar Tokyo, ƙarƙashin Nobutaka Hirokawa, sun nuna haka a jikin ɓeraye a 1998. Idan siliyar ba ta juya ba, ruwan ba ya tafiya, sai zuciya ta faɗa ko wane gefe, shi ya sa rabi ne kawai ke zuwa a juye.