Waiwaye: Hannun da ke yanke rezo, daga Sin zuwa Damagaram

Ranar 24 ga Fabrairu 2021, washegarin da hukumar zaɓe ta CENI ta ce Mohamed Bazoum ya kayar da Mahamane Ousmane a zagaye na biyu, intanet ɗin wayar salula ya ɗauke a Nijar, bai dawo ba sai 5 ga Maris. A Damagaram, mahaifar Ousmane, an ji abin a jiki: ɗan kasuwar Dole mai jiran hoton kaya daga Kano ta WhatsApp, ɗalibin jami'ar André Salifou, matar da mijinta ke ci-rani a Libiya kuma sai ta saƙon murya suke gaisawa. Kowa ya ce gwamnati ta yanke rezo. Haka ne, sai dai babu ministan da ya hau eriya. Aikin yana hannun masu sayar mana da forfe: Airtel mai uwa a Indiya, Moov na Maroc Telecom, Zamani da ya gaji Orange, sai Niger Telecom na gwamnati. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Muhawara kan rabon kamfani a irin wannan laifi ta girmi zuwan wayar shafa garinmu. Ta yi ƙarfi ne da shari'ar Shi Tao, ɗan jarida a birnin Changsha na ƙasar Sin. A Afrilun 2004 hukumomi suka gargaɗi jaridu kan yadda za su bi da cikar shekara 15 da kisan masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen na Beijing. Shi Tao ya tura taƙaitaccen bayanin gargaɗin zuwa wani shafi a Amurka ta akwatin imel ɗinsa na Yahoo. Aka kama shi, a 2005 aka ɗaure shi shekara 10. Da takardar hukuncin ta fito fili, sai ga sunan reshen Yahoo na Hong Kong a ciki: shi ya miƙa bayanan da suka kai ƴan sanda ga kwamfutar da aka aika saƙon da ita. Sai 2013 Shi Tao ya shaƙi iskar waje.

Ba Yahoo kaɗai ba ne. A ƙarshen 2005 Microsoft ya rufe shafin marubuci Zhao Jing da Sin ta nema. A Janairun 2006 Google ya buɗe injin bincike na Sin wanda ke ɓoye abin da gwamnati ba ta so. Majalisar wakilan Amurka ta kira su, tare da Cisco, a Fabrairun shekarar. A Nuwamban 2007 ɗan majalisa Tom Lantos ya faɗa wa shugaban Yahoo, Jerry Yang, gaba da gaba, cewa a fasaha da dukiya su ƙattai ne, a halin kirki kuwa wadanni. Yang ya juya ya nemi gafarar mahaifiyar Shi Tao da ke zaune a bayansa, kamfanin kuma ya sasanta da iyalan da suka kai ƙara. Maganar ta yi daɗin ji, amma dokar da Chris Smith ya gabatar tun 2006 don hana kamfanonin Amurka wannan haɗin baki ba ta taɓa wucewa ba. Abin da aka samu a 2008 ƙungiya ce ta sa-kai don kare ƴancin magana da sirrin masu amfani da intanet, Global Network Initiative, wadda mai so ya shiga, marar so ya zauna. Google ya janye injinsa zuwa Hong Kong a 2010, amma a 2018 aka gano yana ƙera wani a ɓoye, Dragonfly, sai da ma'aikatansa suka yi bore kafin a ajiye shi.

A 2011 zancen ya iso nahiyarmu. Ranar 28 ga Janairu gwamnatin Hosni Mubarak ta umarci kamfanonin waya su kashe layuka, Vodafone na Ingila ya bi, har aka yi amfani da layinsa wajen tura wa Misirawa saƙonnin goyon bayan gwamnati. Da Gaddafi ya faɗi a shekarar, ƴan jarida suka tarar da cibiyar leƙen saƙonni a Tripoli cike da na'urorin Amesys, kamfanin Faransa. Sai bayan shekara 10 alƙalan Faransa suka tuhumi shugabanninsa.

Uzurin kamfanoni ɗaya ne ko'ina: muna bin dokar ƙasar da muke ciki. Kuma ba uzurin banza ba ne gaba ɗaya. Lasisin na gwamnati ne, eriyoyin a ƙasarta suke kafe, injiniyan da zai ce a'a ɗan ƙasa ne mai iyali, ba attajirin da ke Delhi ko Rabat ba. A Satumban 2021 Apple da Google sun cire manhajar zaɓe ta magoya bayan ɗan adawar Rasha Alexei Navalny bayan Rasha ta yi barazanar gurfanar da ma'aikatansu. Ni dai ban yarda cewa babu komai tsakanin ƙin bi da bi ido rufe ba. Telenor, kamfanin waya na Norway, ya nuna akwai. Da sojoji suka karɓi mulki a Myanmar a Fabrairun 2021, ya riƙa bin umarnin rufewa, amma yana wallafa kowane umarni, kowa ya ga ranar da aka bayar. Bai yi sati biyu cikakku ba ya ce ba zai iya ci gaba da wallafawa ba, daga baya ya sayar da reshen ya fita, bayanan miliyoyin mutane suka koma hannun sabon mai shi. Wato ko tafiyar ma ba ta wanke hannu. Duk da haka wannan ƴar takardar ita ce bambanci tsakanin a ce maka an rufe bisa umarnin wane, da a bar ka kana kashe waya kana kunnawa, kana zargin batir.

Maƙwabtanmu na kudu sun ɗanɗana nasu. Twitter ya goge wani saƙon Muhammadu Buhari a Yunin 2021, gwamnati ta dakatar da shi, MTN da Airtel da Glo da 9mobile suka toshe shi bisa umarnin hukumar sadarwa ta NCC har 13 ga Janairu 2022. Cikin sharuɗɗan da gwamnati ta ce Twitter ya karɓa akwai rajista a Najeriya da naɗa wakili. A ido abu ne mai kyau, kamfani ya biya haraji inda yake cin riba. Amma wakili a cikin gida shi ne mutumin da za a iya kira ofis a rufe ƙofa.

A nan gida dokoki ne suka yi ta ƙaruwa. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta kai ƴar jarida Samira Sabou kurkuku a Yunin 2020 saboda rubutu a Facebook. A shekarar majalisa ta amince da dokar sauraron sadarwar mutane, wadda ba ta aiki sai da hannun kamfanonin waya. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta mayar da shi. Kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ta taɓa yanke cewa rufe intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa doka, haka ta ce kan dakatar da Twitter a Najeriya a Yulin 2022. A shari'un biyu gwamnatoci aka kai ƙara, ba kamfanoni ba. Nijar kuwa ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025.