Shamuwa ba ta kawo ruwa, bin sa take yi

Wanda ya zaga bayan gari da damina zai sha kallo: malam-buɗe-littafi a kan furanni, balbela a bayan shanu, ga shamuwa tana takawa cikin gona, baƙa mai farin ciki. Tun muna yara ake ce mana ita ke kawo ruwan sama. Dalilin faɗin haka a fili yake, don kuwa tana sauka a kan kuka ko tsamiya wajen watan Afrilu zuwa Mayu, ba a jima ba sai hadari ya haɗu.

Amma abinci take bi. Fara, tsutsa da sauran ƙwari su ne cimarta, su kuwa ba sa yawa sai ƙasa ta jiƙa ciyawa ta tsiro. Shi ya sa take yin sheƙa a ƙauyukanmu ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta da damina. Da kaka ta yi, wajen Oktoba, sai ta tashi, ta nufi kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke kamawa daga Nuwamba zuwa Maris. Damina biyu take ci a shekara guda.

Ina jin daɗin yadda mutanenmu ba sa jifanta, ba sa taɓa sheƙarta. Wannan ɗabi'a ta cancanci a riƙe ta, domin duk farar da shamuwa ta haɗiye, gero ne ya tsira a gonar wani.