Taram na Lantarki na Birnin Richmond

Taram ƙaramin jirgin ƙasa ne da ke bin dogo a tsakiyar titunan gari yana jigilar fasinjoji. Na birnin Richmond, babban birnin jihar Virginia a Amurka, ya fara aiki ranar 2 ga Fabrairu, 1888. Shi ake yawan ambata a matsayin na farko da ya tabbatar lantarki zai iya ɗaukar nauyin sufurin gari guda, kullum safe da yamma.

Kafin nan dawaki da alfadarai ke jan taragu a biranen Amurka. An riga an gwada lantarki, alal misali layin da kamfanin Siemens ya buɗe a Lichterfelde, kusa da Berlin, a 1881, sai dai gajerun layuka ne masu taragu kaɗan.

Frank J. Sprague, tsohon hafsan sojan ruwa da ya taɓa yi wa Thomas Edison aiki, shi ya karɓi kwangilar gina taram na Richmond a 1887: dogo mai tsawon mil 12 da taragu 40. Garin kuwa duk tuddai ne, wasu ma alfadari da kyar yake hawa. Sprague ya ɗora injinan a ƙarƙashin tarago suna juya ƙafafun, wutar kuma tana saukowa daga wayar da aka rataya a sama ta wani dogon sanda mai ɗan gargare a baki. Da farko injinan sun yi ta ƙonewa, aka yi ta gyara har suka daidaita.

Henry Whitney, mai kamfanin taragun dawaki na Boston, ya zo yana shakkar ko wutar za ta isa idan taragu suka taru wuri guda. Sprague ya jera masa 22 cikin dare, ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Whitney ya koma gida ya sa wa layukansa lantarki, sauran birane suka bi sahu.

A 1904 kamfanin taram na Richmond ya raba wa farare da baƙaƙe wurin zama. Baƙar fatan garin, da jagorancin John Mitchell Jr., editan jaridar Richmond Planet, suka ƙaurace wa taram suka koma tafiya a ƙafa wata da watanni.

Motocin bas ne suka ƙwace masa kasuwa. Tarago na ƙarshe ya yi tafiyarsa ranar 25 ga Nuwamba, 1949.