A.P. Carter da Sara Carter

A.P. Carter (1891–1960) da matarsa Sara (1898–1979) mawaƙa ne daga yankin duwatsun jihar Virginia ta Amurka. Su ne tushen rukunin da aka sani da Carter Family, wanda masana ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan kiɗan karkarar Amurka da ake kira kantiri. Sun yi aure a 1915. Daga baya Maybelle, 'yar uwar Sara, ta auri ƙanen A.P. mai suna Ezra, ta zama ta ukunsu.

A ƙarshen watan Yulin 1927 suka yi tafiya zuwa garin Bristol da ke kan iyakar Virginia da Tennessee, inda Ralph Peer na kamfanin Victor ke ɗaukar muryoyin mawaƙan karkara a faifan garmaho. A zaman nan ne aka ɗauki muryar shahararren mawaƙi Jimmie Rodgers ma, shi ya sa ake yawan cewa a Bristol aka haifi kantiri na kasuwa. Abin da ya ja hankalin Peer shi ne muryar Sara, murya mai kauri da ba ta da ado. A lokacin ba kasafai ake jin mace tana jan waƙa a faifai irin wannan ba. Ita ke ja, tana kaɗa wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kira autoharp, Maybelle kuma tana riƙe da jita. Salon Maybelle ya zama makaranta: babban yatsa na fitar da karin waƙar a kan manyan tsirkiyoyi, sauran yatsu na share ƙananan don ba da amo, jita ɗaya tana aikin biyu.

Aikin A.P. shi ne farautar waƙa. Yakan bi ƙauyuka da coci-coci yana tattaro tsofaffin waƙoƙin da mutane suka gada, sau da yawa tare da Lesley Riddle, wani baƙar fata gwanin jita, wanda ke haddace kari yayin da A.P. ke rubuta baituka. Sai ya gyara su, a yi musu rajista da sunansa. Wannan dabara ta adana waƙoƙi masu yawa da da sun ɓace, amma ta bar tambaya a kan haƙƙin waɗanda aka karɓo daga bakinsu, musamman Riddle.

Yawon nan ya ci auren. A.P. da Sara sun rabu a 1936, amma suka ci gaba da waƙa tare, har a gidan rediyon XERA mai ƙarfin zango da ke kan iyakar Meziko da Texas, wanda ya kai muryarsu gidaje a faɗin Amurka. Sara ta auri Coy Bayes, ɗan uwan A.P., a 1939, ta koma California, rukunin kuma ya watse a farkon shekarun 1940.

Mawaƙi Woody Guthrie ya ari karin waƙoƙinsu ya ɗora nasa baitukan. Mawaƙin kantiri Johnny Cash, wanda ya ji su a rediyo yana yaro a Arkansas, ya auri June, 'yar Maybelle, a 1968. An shigar da rukunin zauren girmama gwanayen kantiri a 1970, kuma Janette, 'yar A.P. da Sara, ta fara shirya wasannin kiɗa a Hiltons da ke jihar Virginia a 1974, wurin da ake kira Carter Family Fold, inda har yau ake taruwa a saurari tsohon salon.