Daga Zauren Manɗiƙi Zuwa Cikin Kwamfuta: Waiwaye Kan Ilimin Samuwa

A kasuwar Dole ta Zinder, idan ka ce a auna maka tiya biyu ta hatsi, gero za a zuba maka, ba wanda zai tambaye ka wane iri. A Kano kuwa kalmar ta ɗauki gero da dawa da maiwa gaba ɗaya. Yanzu a ce ɗalibi a Jami'ar Zinder ya zauna zai tsara wa kwamfuta ma'ajiyar bayanan farashi: shin hatsi uwa ce da gero ke ƙarƙashinta, ko sunan geron ne kawai? Kwamfuta ba ta san kara ba, sai ya yanke. Da zarar ya fara yankewa ya shiga falsafa, a reshenta da ake kira ontoloji, wato ilimin samuwa: me ke akwai, kuma kashi nawa ne?

Tambayar tsohuwa ce. Aristo na Girka, wanda ya rasu a 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa duk abin da za a iya faɗa game da wani abu gida goma. Ɗauki rago a kasuwar dabbobi. Shi kansa ragon shi ne jauhari, abin da ke tsaye da kansa. Farinsa, nauyinsa, inda yake, ko yana kwance ko tsaye, duk sifofi ne da ba su samuwa sai a jikinsa. A ƙarni na 3 Farfuriyus ya rubuta wa wannan aiki gabatarwa mai suna Isagoge, inda ya tsara jinsi da nau'i da abin da ke bambanta nau'i da ɗan'uwansa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ilimin ya iso gare mu tun kafin boko. An fassara littattafan Aristo zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Farabi ya yi musu sharhi, Ibnu Sina (980–1037) ya raba tsakanin mahiyyar abu da wujudinsa: sanin mene ne abu daban, sanin yana nan daban. A ƙarni na 13 Abhari ya taƙaita manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, a ɗan littafin Isaguji, sunan Girkancin nan ne ya ɗan karkace a bakin Larabawa. A ƙarni na 16 Ahalari ya tsara Sullam a waƙe, wanda har yau ake bita a zaurukan ƙasar Hausa. Shehu Magili ma, da ya zauna Kano zamanin Rumfa, ya yi jayayya da Suyuɗi yana kare halaccin manɗiƙi. Almajirin da ke zaune kan buzu a unguwar Birni ta Zinder yana haddace wajibi da mustahili da ja'izi, yana rarrabe zati da sifa, wannan aikin yake yi, sunan ne dai bai taɓa ji ba.

Sunan ontoloji kansa bai girmi ƙarni na 17 ba. Ya bayyana a 1606 a littafin Jacob Lorhard, daga baya Christian Wolff ya yaɗa shi a Jamus.

Aikin masu adana littattafai ya nuna cewa rabon kashi yana da illa idan aka yi son kai. A tsarin Dewey na 1876, na jera littattafai a laburare da lambobi, lambobi 200 zuwa 299 na addini ne. Kiristanci ya kwashe mafi yawansu, Musulunci duka, da tafsiri da fiƙihu da hadisi, aka cusa shi a 297. Sai masana kwamfuta suka ari kalmar ontoloji. A 1993 Tom Gruber ya bayyana ontoloji a matsayin fayyace yadda aka fahimci wani fage a rubuce ƙarara, har na'ura ta iya aiki da shi. A 1998 masana ƙwayoyin halitta suka kafa Gene Ontology, tsarin rarraba ayyukan ƙwayoyin gado, a 2004 aka amince da harshen OWL don rubuta irin waɗannan tsare-tsare a intanet, a 2012 Wikidata, rumbun bayanai na intanet da kowa ke iya gyarawa, ta buɗe.

Damuwata a nan gida take. Tun dokar karkara ta 1993, kwamitocin filaye na Nijar ke rubuta haƙƙin ƙasa, kuma sannu a hankali takardun na komawa kwamfuta. Manomi a Mirriya ya san gandu daban, gayauna daban. Ya san gonar gado, ta aro, ta jingina, da wadda aka ba mace ta noma muddin tana gidan. Makiyayi yana da haƙƙin bin burtali ba tare da ya mallake shi ba. Idan wanda ya tsara ma'ajiyar ya buɗe gurbi biyu kacal, mai shi da ɗan haya, matar nan da gayaunarta ba ta da inda za a rubuta ta, kuma ranar da aka zo rabon gado allon kwamfutar zai nuna gonar duka da sunan maigida.